Yada Zango A Doguwar Tafiyar Ibada: Yaushe, A Ina, Har Kwana Nawa?

Daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port da ke gindin duwatsun Pyrenees a kudancin Faransa, zuwa birnin Santiyago a arewa maso yammacin Sifaniya, tafiyar kilomita kusan 780 ce. Mai cin kilomita 25 a yini sai ya share wata guda da 'yan kai kafin ya hango hasumiyoyin majami'ar da mabiya ɗariƙar Katolika suka yi imani cewa a nan kabarin Yaƙub yake, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa. Kusan shekara dubu ke nan ana bin wannan hanya a ƙafa, kuma a zamanin nan kasuwarta ta sake buɗewa. A 2024 kaɗai, ofishin maziyarta na Santiyago ya ba mutum kusan rabin miliyan takardar shaidar isowa. Yawancinsu daga kusa suke tasowa, tafiyar kwana biyar ko shida, amma dubbai kan ɗauko ta tun daga tushe.

Su waɗannan masu dogon zango, kafin su bar gida sun gama bincike a kan takalmi da safa, sun ɗora jaka a sikeli, sun haddace sunayen garuruwa. Abin da ba kasafai suke yanke shawara a kansa ba shi ne ko a cikin kwanakin nan talatin da wani abu akwai ranar da za a wayi gari ba a ɗaura takalmi ba. In akwai, wace rana ce, a wane gari, kuma wa ke da ta cewa, kalanda ko ƙafa?

Ra'ayi ya rabu biyu. Wasu sun ce tsayawa na kashe jiki: da zarar ka kwana biyu a wuri ɗaya, gaɓoɓi sun sandare, zuciya ta yi sanyi, abokan tafiya sun yi maka nisa. Wasu kuwa sun ce duk mako sai an ware yini guda, ko da mutum na jin kansa garau. Kowane ɓangare na da hujjarsa. A gajeren tattaki, irin na Arba'in daga Najaf zuwa Karbala mai kilomita kusan 80, hutun 'yan sa'o'i a rumfunan masu hidima ya wadatar. Amma a tafiyar da ta haura mako biyu, hutu zai zo ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba. Wanda mutum ya zaɓa da kansa yini ɗaya ne, a garin da akwai magani da abinci. Wanda jiki ya tilasta kuwa yakan ci mako, wani lokaci ma ya cinye tafiyar ɗungurungum.

Abin da ke faruwa da jiki

Kilomita 25 taku ne sama da 30,000 ga matsakaicin mutum, ga jaka mai nauyin kilo bakwai ko takwas a gadon baya. Jiki na iya wannan, sai dai sassansa ba sa sabawa a lokaci ɗaya. Tsoka ce ke fara kuka, ita ce kuma ke fara yin shiru. Tsamin da ke biyo bayan aikin da ba a saba ba yakan kai maƙura a kwana na biyu ko na uku, sannan ya lafa. Numfashi ma kan daidaita. Tudun da ya sa mutum haki a ranar farko, bayan mako sai ya hau irinsa yana hira. Waɗanda ake bari a baya su ne agara, wato jijiyoyin da suka ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma ƙashin kansa. Jini bai wadaci agara yadda ya wadaci tsoka ba, don haka makonni take bukata, har watanni, kafin ta yi ƙwarin da ya dace da sabon aikin da aka ɗora mata.

A nan tarkon yake. A mako na biyu tsami ya tafi, ƙirji ya buɗe, sai mutum ya ga ai kilomita 25 wasa ne, ya mayar da ita 32. Alhali agarar dunduniya da ta gaban ƙwauri suna nan suna cin wuya kamar igiyar guga a bakin rijiya, wadda ba ta tsinkewa rana ɗaya, zare-zare take ɓallewa har ranar da guga zai faɗa. Ita kanta hanyar ba ta sassauta wa sabon shiga. Ranar farko daga Saint-Jean hawa ne na sama da mita 1,200 kafin a gangara Roncesvalles. Kashegari ga gangaren duwatsu zuwa Zubiri, bayan Pamplona kuma ga na Alto del Perdón mai tsakuwar da ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Gangare ya fi hawa cin gwiwa, kuma duk waɗannan suna cikin kwana huɗu ko biyar na farko.

Sai bororo. Gogayya da danshi da zafi ke kawo shi. Shi kansa ƙaramin abu ne, ɓarnarsa tana cikin yadda yake sauya takun mutum. Mai bororo a dunduniyar dama zai riƙa taka gefen ƙafa bai ma sani ba, nauyi ya koma gwiwar hagu ko ƙugu, bayan kwana uku ciwon da ya fara a fata ya koma na gaɓa.

To me hutun yini ɗaya ke iya yi? Yana mayar wa tsoka makamashin da ta ƙona, muddin an ci an ƙoshi. Yana rage ƙarancin barcin da ke taruwa a ɗakin da mutum ashirin ko hamsin ke kwana, wasu na minshari. Kumburin ƙafa ya sace, bororo ya bushe, takalmi da safa su sha iska. Abin da ba ya iyawa shi ne warkar da agarar da ta riga ta kumbura, ko ƙashin da ya fara tsagewa saboda yawan dukan ƙasa. Na farko sai an haɗa da kwanaki masu yawa ko makonni, na biyu kan kai wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Ke nan yini ɗaya rigakafi ne. Wanda ya jira sai ya fara ɗingishi kafin ya tsaya, a makare ya tsaya.

Me ke hana mutane tsayawa

In dai haka ne, me ya sa masu hankali ke wuce garin da ya kamata su sauka? Dalili na farko mutane ne. A kwanakin farko kowa kan tsinci kansa cikin ɗan rukunin da hanya ta haɗa, wannan daga Koriya ta Kudu, wancan daga Barazil, waccan daga Jamus, ana kwana masauki ɗaya, ana cin tukunya ɗaya. Wanda ya tsaya yini guda ya ba su ratar kilomita 25, ratar da ba ta cikuwa sai da saurin da zai ɓata amfanin hutun. Da yawa sun gwammace su ja ƙafa mai ciwo da su wayi gari cikin baƙin fuskoki.

Na biyu lissafin gida ne. Wanda ya karɓi hutun aiki, ya yanki tikitin komawa, ya raba 780 da yawan kwanakinsa bai bar ko ɗaya a gefe ba, ya ɗaure kansa tun kafin ya fito.

Na uku tsarin masaukai ne. Masaukan maziyarta na ƙananan hukumomi da na coci su ne masu sauƙi, gado bai cika wuce yuro 15 ba, a wasu ma abin da ya sawwaƙa ake jefawa a akwati. Amma ƙa'idar yawancinsu kwana ɗaya ce, sai fa in rashin lafiya ta kama mutum. Tun ƙarfe biyar da rabi na asuba ɗaki ke fara motsi: ƙarar leda, zugar zif, fitilun goshi na yawo a bango, sanduna na ƙwanƙwasa daɓe. Kafin bakwai gadaje sun yi wayam, saura mutum ɗaya zaune a bakin gadon ƙasa, ya ɗora ƙafa a gwiwa yana ɓare filastar jiya a hankali, yana leƙen abin da ke ƙarƙashinta. Ƙarfe takwas mai kula da masauki zai shigo da bokiti da tsintsiya, ba don mugunta ba, don da azahar wasu za su iso suna neman gadon. Mai ciwon nan zaɓi biyu gare shi. Ko ya nemi ɗakin haya da zai cinye kuɗin kwana uku ko huɗu, ko ya ce wa kansa, "Bari dai in lallaɓa zuwa gari na gaba." Wannan lallaɓawar ta mayar da mutane da yawa gida a mota.

Na huɗu ya fi su zurfi, shi ne nauyin zuciya. Mai tafiyar ibada na ganin wahala na cikin lada, kwanciya da rana tsaka kuwa ha'inci ne. Amma hukumomin cocin Santiyago ba su gindaya wa'adi ba. Sharaɗin takardar shaida shi ne a ci aƙalla kilomita 100 a ƙafa, ko 200 a keke, a kuma nuna ɗan littafin da ake buga wa hatimi a hanya. Ba a tambayar kwana nawa ka yi. Mutanen Sifaniya da dama ma gutsure-gutsure suke yin ta, bana mako ɗaya, baɗi su ɗora daga inda suka tsaya. Haka yake a tsibirin Shikoku na Japan, inda zagayen wuraren bauta 88 ya kai kilomita kusan 1,200: yin sa kashi-kashi karɓaɓɓen abu ne.

Yadda ayarin da ke yi

Magabata sun amsa tambayar nan a aikace. A 1326 Ibn Batuta ya bi ayarin alhazan Sham daga Dimashƙa zuwa Madina, kuma a labarin tafiyarsa ya lissafa wuraren da aka yada zango. A Busra an yi kwana huɗu domin waɗanda wata hidima ta tsayar a Dimashƙa su cim ma ayari. A kusa da Karak an sake yin huɗu ana shirin shiga hamada. A Tabuka huɗu, aka shayar da raƙuma, aka cika salkuna, saboda abin da ke gaba ƙasa ce mai kisa da ƙishirwa. A Al-Ula ma huɗu: aka yi wanki, aka sayi guzuri, aka bar rarar kaya amana a hannun mutanen gari.

Abu uku ke cikin wannan tsari. Ana sauka ne inda akwai ruwa da kasuwa. Ana sauka kafin mugun wuri, lokacin da mutane da dabbobi ke da sauran ƙarfi. Sannan ayari duka ke sauka, bisa umarnin amirul hajji, don haka babu wanda ya ji kunyar hutawa, babu wanda ya rabu da abokansa. Fataken goro da suka bi hanyar Kano zuwa Gwanja a da ma haka suka yi, madugu ke cewa a sauke, shi ke cewa a ɗaura. Maziyarcin yau shi ne madugun kansa, kuma mutum ya fi iya tausayin wani a kan tausayin kansa.

A Turai, littafin jagora na ƙarni na 12 da ke cikin kundin Codex Calixtinus ya raba hanyar Santiyago zango 13 kacal, wasu daga ciki tafiyar doki ce wadda mai ƙafa ba zai ci a yini ba. Tun wancan lokaci ke nan zangon littafi daban, na ƙafa daban. Shi ya sa aka cika hanyar da gidajen jinyar maziyarta. Sarki Alfonso na Takwas ya kafa ɗaya a Burgos a 1195, Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella suka ba da umarnin gina wani a Santiyago a 1499. Ba a gina irin waɗannan gidaje don mutanen da ke isowa lafiya lau.

Batun lada kuwa, addinai ba su bar shi a duhu ba. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, matafiyi na ci gaba da sallar ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba. A Hanafiyya sai kwana 15. Wato saukar yini ɗaya ko biyu ba ta fitar da mutum daga hukuncin tafiya. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ga wani dattijo ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen tafiya a ƙafa, sai ya nuna cewa Allah ba ya bukatar mutumin ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Ga Kirista kuma, hutun yini ɗaya cikin bakwai yana cikin dokoki goma.

Birni ko ƙauye, yini guda ko rabi

In aka ɗora ma'aunin ayari a kan hanyar Santiyago, garuruwa biyu ke fitowa fili. Burgos, wadda ake isa a kwana na 12 ko 13, tana bakin filin Meseta, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar alkama mai kusan kilomita 180 inda inuwa ke wuya. A cikinta akwai kilomita 17 daga Carrión de los Condes zuwa Calzadilla de la Cueza da babu ƙauye ko ɗaya. Leyon kuma, wajen kwana na 20, daga ita sai a fuskanci duwatsu: hawan Cruz de Ferro mai tsayin mita 1,500, da mugun gangaren Molinaseca, da hawan O Cebreiro. Burgos da Leyon dukansu suna da asibiti, da kantin magani, da shagon takalmi, da injin wanki. Mai shekaru, ko wanda ya taso ba shiri sosai, zai fi amfana da sauka tun a Pamplona ko Logroño, cikin makon farko.

Sai dai birni na da nasa tarko. Majami'ar Burgos da aka aza harsashinta a 1221, da gidan tarihin da ke nuna ƙasusuwan mutanen da da aka tono a Atapuerca, da tagogin gilashi masu launi na majami'ar Leyon, duk abubuwan kallo ne da ba a son wucewa. Sai ka ga wanda ya tsaya don ya huta ya yini yana zagaya titunan dutse da silifa, ya ci kilomita 10 ko 15, ya kwanta a makare, ya tashi da gajiyar da ta fi ta jiya. Akwai kuma lissafin rana. Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, gidajen tarihi da yawa kuma Litinin suke hutu. Mai neman sabon takalmi da ya iso Asabar da dare ya yi asarar zangonsa.

Ƙauye ya fi sauƙin kuɗi, ya fi shiru, ba shi da abin da zai ja mutum yawo, amma mai yiwuwa ba kantin magani, ba na'urar cire kuɗi. In gyara ake nema, birni. In barci ake nema, ƙauye.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da gogaggu ke so, wato gajeriyar rana. A yi kilomita takwas ko goma da sanyin safiya, a isa gari na gaba kafin rana ta take, a kama sabon gado a masauki mai sauƙi ba tare da karya ƙa'idar kwana ɗaya ba, a miƙe ƙafa har dare. Jiki bai sandare ba, aljihu bai girgiza ba, abokai ba su yi nisa sosai ba. Wannan na maganin gajiya da tsamin tsoka. Ba ya maganin agarar da ta kumbura ko bororon da ya yi ruwa, waɗannan tsayawa cak suke so.

Game da yawan hutu, shawarar da ta fi yawo tsakanin masu hanya ita ce yini ɗaya a kowane kwana bakwai zuwa goma. Abin da ya fi shi ne a ware adadin tun daga gida, a bar wurin a buɗe, don jiki magayi ne. Ciwon safe da ke washewa bayan rabin awa na tafiya ba abin tsoro ba ne. Wanda ke ƙaruwa da tafiya, ko ya sa ɗingishi, ko kumburi a gaban ƙwauri mai zafi in an motsa ƙafa, alamar a tsaya ce yau-yau. Akwai kuma abin da ya wuce hutu, sai likita: ciwo a ƙashi wanda ake iya nunawa da kan yatsa ɗaya, bororo mai mugunya ko jan da ke bazuwa, kaluluwa da zazzaɓi, jiri da fitsari mai duhu a lokacin zafi. Mai ciwon suga kuwa ko ƙaramin rauni a ƙafa bai kamata ya yi wasa da shi ba. Gajiya kan bayyana a hali ma: saurin fushi, rashin son abinci, kasa barci duk da jiki ya yi laushi, da ratsa gari guda ba a riƙe komai a cikinsa ba sai lambar kilomita.

Idan an sauka, me za a yi

Ranar hutu tana da aikinta, amma aikin zaune ne. A wanke tufafi, a zare shimfiɗar cikin takalmi a shanya ta daban. A wanke ƙafa, a bar ta ta sha iska, a ɗora ta a kan matashi. A ci abinci mai nauyi, a sha ruwa sosai. Da yamma a yi ɗan zagaye na minti ashirin ba kaya, don kada gaɓoɓi su ƙage. A duba ɗinkin jaka da na bargo ko kuɗin cizo ya biyo mutum daga wani masauki. In ya biyo, zafin injin busar da kaya ke kashe shi.

Sannan a zazzage jaka a ƙasa, a tambayi kowane abu amfanin da ya yi a kwana goman da suka wuce. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada jaka ta wuce kashi goma cikin ɗari na nauyin mai ita. Littafin da ba a buɗe ba, da wando na uku, da tukunyar da ba a ɗora ba, gidan waya na Sifaniya na karɓarsu ya kai Santiyago ya ajiye. Abin da alhazan Sham suka yi a Al-Ula ke nan.

Akwai wani aikin da ba a cika faɗa ba. Tafiya na ɗauke hankali: tashi, taka, nemi ruwa, nemi gado. Wanda ya fito saboda rasuwa, ko mutuwar aure, ko wata tambaya tsakaninsa da Ubangijinsa, yana iya yin mako biyu bai fuskanci abin da ya fito da shi ba. Ranar da ƙafa ta tsaya, abin kan zo ya zauna kusa da shi. Wasu wannan suke gudu, ba asarar kilomita ba. Amma in tafiyar ta ibada ce, wannan zaman na cikin abin da aka fito nema.

Zangon da ya zama gari

Duk da haka, masu tsoron tsayawa ba su yi ƙarya ba, kuma tarihin Hausawa shaida ne. Kafin jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, dubban mutane daga ƙasar Hausa da Borno sun nufi Makka ta ƙasa. Su ratsa Chadi ta Abeshe, su shiga Darfur ta El-Fashir, su bi El-Obaid zuwa bakin kogin Nilu, daga nan Sawakin ko Fot Sudan, su haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce, domin guzuri ba ya kaiwa. Dole a sauka a yi noman damina, ko dako, ko ɗinki, ko koyar da allo, a tara na zango na gaba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ke ɗauke da sunansa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka zama babbar matattarar masu neman kuɗin ƙarasa hanya.

Wasu sun tara sun wuce. Wasu kuwa aure ya zo, haihuwa ta zo, bashi ya hau, gona ta riƙe. Masanin al'umma C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan Hausawan Sudan, ya nuna yadda har jikokin da aka haifa a can ke ɗaukar kansu matafiya da ke kan hanyar Makka. Babu abin zargi a nan, larura ce ta zaunar da su, kuma niyyarsu ba ta mutu ba. Amma labarinsu ya nuna cewa zama na da nasa ƙarfin ja.

Maziyarcin Santiyago na haɗuwa da ɗan ƙaramin wannan. Bayan kwana goma sha biyu a gado mai hawa biyu, ga ɗaki nasa shi kaɗai, ga farin zanen gado, ga ruwan zafi ba layi. Yini ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama uku, tashar mota kuma ba nisa. Maganinsa shi ne a yanke lokacin tashi kafin a kwanta: a biya kuɗin ɗaki tun da yamma, a ɗaure jaka, a ajiye takalmi a bakin ƙofa, a sa zangon gobe ya zama gajere. Sandarewar da ake ji da safe bayan hutu gaskiya ce, amma takan sake cikin awa ta farko.

Inda maganar ta tsaya

Tafiyar mako guda ba ta bukatar ranar hutu, sai in ciwo ya zo. Ta wata guda tana bukatar uku ko huɗu, a lissafa su cikin tikiti da cikin aljihu tun daga gida. A fara da gajerun zanguna a makon farko. A sauka kafin mugun wuri, kuma kafin ɗingishi. In akwai abokan tafiya, a yi maganar tun da wuri, a ce Burgos za mu kwana biyu, domin hutun da aka yi tare ba ya raba zumunci, ba ya kuma barin kowa da kunya. Sannu ba ta hana zuwa.

Kuma ko ta fuskar riba da asara aka duba, lissafin a bayyane yake. Wanda ya ware kwana uku bai bukace su ba, bai yi asarar komai ba: daga Santiyago zuwa Finisterre a bakin tekun Atalantika kilomita kusan 90 ne, tafiyar kwana uku ko huɗu, kuma maziyarta da yawa can suke ƙarasawa. Wanda bai ware ba kuma ya bukace su, ko dai ya tsallake zanguna a mota, ko ya ƙarasa da raunin da zai yi jinyarsa watanni bayan ya koma gida.